Awarwaron maciji a layin 'yan gwal: tarihinsa, hukuncinsa da abin da sikeli ke nunawa

A layin 'yan gwal na kasuwar Wuse, a Abuja, ciniki yana da tambayoyin da kowa ya haddace: giram nawa ne, karat nawa, ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya, nawa kuɗin aiki. A 'yan shekarun nan an samu ƙari. Mace takan zo da hoto a waya, ta nuna wa mai shago awarwaro ko zobe mai siffar maciji, ya nannaɗe hannu sau biyu ko uku, kansa kwance a bayan tafi, idanunsa jajayen duwatsu. Wata nema take ta saya. Wata kuma ta riga ta saya a Instagram da tsadar gaske, don an ce mata "bintej" ne, wato tsohon yayi, yanzu ta zo a ɗora a sikeli ta ji ko kuɗinta na nan.

Lokacin haɗa lefe abin ya fi fitowa fili. Ƙanwar ango ta ɗauko awarwaron ta zura a hannu.

"Gwaggo, dubi wannan. Wallahi shi ake yayi yanzu."

Gwaggo ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. "A'uzu billahi! Ke 'yar nan, igiyar ƙasa za mu sa wa 'yar mutane a akwati? Danginta su buɗe su ce me muke nufi da ita?"

Mai shago bai sa baki a gardamar ba. Ya karɓi abin, ya ɗora a sikeli, ya jira lamba ta tsaya. "Hajiya, giram 28 ne, ɗan 18. In bai yi muku ba ga wasu nan."

Kowannensu maganarsa dabam. Yarinyar yayi take gani, gwaggo ma'ana take tsoro, mai shago nauyi ya sani. Akwai kuma wanda ba ya wurin amma maganarsa za ta bi su har gida, wato malam. Yawancin ruɗanin da ake yi a kan wannan ado daga cakuɗa waɗannan maganganu yake zuwa, sai ka ji an amsa tambayar hukunci da tarihi, ko an amsa tambayar farashi da labari mai daɗi.

Me ya taso da shi yanzu

Kalandar gargajiya ta China tana zagayawa ne da dabbobi 12, kowace shekara da tata. Shekarar Maciji ta kama ranar 29 ga Janairun 2025. Da yake attajiran China suna cikin manyan masu sayen kayan alatu na Turai, kamfanonin suka zazzage tsofaffin zane-zanensu na maciji suka sake fito da su. Hotuna suka cika Instagram da TikTok, ƙananan maƙera a ƙasashe daban-daban suka kwaikwaya, daga nan kuwa zuwa jakar 'yar kasuwar da ta je sari Dubai ba nisa.

Sai kuma farashin gwal. Oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta haura 4,000 a watan Oktoba. Naira kuma tun da aka sake ta ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 ta yi ƙasa sosai. Gwal a hannun mace Bahaushiya dama asusu ne: shi ne kuɗin makarantar yara in abu ya matse, shi ne cikon kuɗin kujerar Makka, shi ne jari. Idan aka ce mata ga gwal ɗin da ke da daraja fiye da nauyinsa, dole ta kasa kunne.

Bintej, antik da "kamar na da"

A wurin dillalan kayan ado na Turai da Amurka, "antik" shi ne abin da ya kai shekara 100 da ƙerawa. "Bintej" kuma tsohon yayi ne, wanda ya kai aƙalla shekara 20 amma bai cika 100 ba. Ke nan awarwaron da aka ƙera a 1890 antik ne, na 1970 bintej ne, na bara kuwa sabo ne ko da an yi masa fasalin 1890. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa a kasuwa, kuma babu laifi a sayar da shi in an faɗi gaskiyarsa. Matsalar tana farawa ne idan an rubuta "bintej" alhali ana nufin "an yi shi kamar na da".

Abin hannu kuma, wato wanda wata ta taɓa sawa, ba lallai ya zama tsoho ba. Sarƙar da amarya ta sayar bayan wata shida abin hannu ce, ba bintej ba.

Shi ma "macijin" iri-iri ne, kuma bambancin zai yi amfani idan an zo maganar hukunci. Akwai cikakken maciji, da kai da ido da wutsiya, wani har da harshe a waje. Akwai awarwaro mai nannaɗewa kamar maciji amma ba shi da kai, bakinsa biyu a dunƙule kawai. Akwai kuma siririyar sarƙa mai santsi da 'yan kasuwa ke laƙaba wa sunan maciji saboda yadda take lanƙwasa. Ita wannan ba ta da alaƙa da surar dabba, salon saƙar ƙarfe ne kurum.

Daga goshin Fir'auna zuwa tokar Pompeii

Abu biyu ne suka sa maƙera na zamanai daban-daban suka riƙa komawa ga maciji. Na farko na sana'a ne: babu dabbar da siffarta ta dace da yatsa, hannu da wuya kamarsa. Zaki ko doki sai an nema musu wurin zama a jikin zobe, shi kuwa maciji shi ne zoben. Na biyu saɓa ce. Mutanen da sun ga yana tuɓe tsohuwar fata ya fito fes, sai suka ɗauke shi alamar warkewa da sabuwar rayuwa.

A tsohuwar Masar, kumurcin da ya fasa kai alamar sarauta ne, ana kafa shi a goshin kambin Fir'auna. Yana wakiltar Wadjet, abar bautar da suka ɗauka mai tsaron arewacin ƙasar. Fuskar zinariya ta Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, tana ɗauke da kumurci da ungulu a goshi. A jikin ɗaya daga cikin akwatunan da suka rufe gawar ne kuma aka samu ɗaya daga cikin zane mafi tsufa na macijin da ya cije wutsiyarsa ya zama da'ira, zanen ƙarni na 14 kafin Miladiyya. Girkawa suka kira wannan da'ira "uroboros", ta zama alamar abin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe.

Daga Girka kuma aka samo sandar Asklifiyos, wanda suka ɗauka ubangidan magani: sanda ɗaya, maciji ɗaya nannaɗe da ita. Ita ce a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya har gobe, ita ce kuma a jikin motocin ɗaukar marasa lafiya da yawa da ke wuce mu a titi ba mu ko ɗaga kai.

Rumawa su ne suka mayar da shi adon yau da kullum. Da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya ya binne garin Pompeii, ya binne mutane da abin da ke jikinsu. A wani gida an samu awarwaron zinariya mai nauyin giram 610, kawunan maciji biyu suna riƙe da faifai mai hoton abar bautarsu ta wata. Har yau sunan gidan ke nan, Gidan Awarwaron Zinariya. A shekarar 2000 kuma, a Moregine da ke gefen garin, an samu wani awarwaron maciji a hannun wata mata, a cikinsa an rubuta da Latin cewa daga ubangida ne zuwa ga kuyangarsa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansa: wasu sun ce kyautar so ce, wasu sun ce shaidar mallaka ce.

Zoben Sarauniya da agogon Bulgari

Mafi yawan abin da ake kira tsohon adon maciji a yau daga ƙarni na 19 zuwa na 20 ya fito, kuma zobe ɗaya ne ya kunna wutar. A 1839 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi baiko da Yarima Albat (ita ce ma ta nemi aurensa, don al'adar sarauta ba ta yarda a nemi sarauniya mai ci ba). Zoben da ya ba ta maciji ne na zinariya da zumurrudu a kansa. An ɗaura aure ranar 10 ga Fabrairun 1840. Abin da sarauniya ta sa kuwa shi talakawa ke bi, sai maƙeran Landan da Birmingham suka shiga ƙera zobba da awarwaro da sarƙoƙin maciji, na masu kuɗi da zinariya da yaƙutu, na masu ƙaramin ƙarfi da tagulla mai ruwan gwal. A wurinsu ma'anar ita ce so marar yankewa. Da Albat ya rasu a 1861 sarauniya ta shiga baƙaƙen kaya har ƙarshen ranta, sai macijin ya koma cikin adon makoki, ana sassaƙa shi da wani baƙin dutse na garin Whitby.

A Faransa, wajen 1899, René Lalique ya ƙera wani adon ƙirji na macizai tara a cuɗe, wanda yanzu yake gidan tarihi na Gulbenkian a Lisbon. A 1968 kamfanin Cartier ya gama wa 'yar fim ɗin Meziko María Félix sarƙar wuya, maciji sukutum mai lanƙwasa, ɗauke da daiman 2,473.

Sunan da ya fi yawo a wayoyin matan Abuja shi ne Serpenti na kamfanin Bulgari, wanda aka kafa a birnin Rum a 1884. Na farkonsu ya fito a 1948, agogo ne a kan awarwaro mai nannaɗewa. Salon ƙirar ana ce masa Tubogas, wato bututun gas, domin daga bututun ƙarfe mai lanƙwasa aka kwaikwayo shi: siraran zinariya ake naɗawa su kama juna ba tare da an like su da wuta ba. Na farkon ba su da kan maciji sosai, fuskar agogon ce a madadinsa. Daga baya aka ƙara kai da ido da ɓawo mai launi, irin rufin gilas ɗin da ake yi wa langa. Hoton da aka ɗauki 'yar fim Elizabeth Taylor da shi a Rum a 1962, lokacin ɗaukar fim ɗin Kiliyofatra, shi ya kai sunansa duniya.

Wannan tarihi a rubuce yake, da sunayen maƙera da shekaru. Maganar da ke yawo a WhatsApp cewa adon maciji alamar shiga ƙungiyar asiri ce ba ta da gindi a cikinsa. Amma gaskiya ne cewa tushensa na can baya ya haɗa da bautar gumaka a Masar da Girka da Rum, kuma wannan ne masu ƙyamarsa ke riƙewa.

Mu kuma kansa muka sare

Afirka ta Yamma ba baƙuwar wannan alama ba ce. A cikin tagullolin garin Igbo-Ukwu na ƙasar Ibo da masanin tonon kayan tarihi Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960, waɗanda aka ƙiyasta na wajen ƙarni na 9 ne, akwai macizai a nannaɗe. Fadar Oba na Benin, kafin Turawan Ingila su far mata a 1897, tana da manyan macizan tagulla da ke sauka daga ƙololuwar rufi. A Ouidah ta Jamhuriyar Benin har yau akwai ɗakin bautar mesa. Mutanen Lobi da Gan na Burkina Faso suna ɗaura ƙananan macizan ƙarfe a ƙafa don neman tsari daga sara. A labarin Soninke kuma, macijin Bida ne ke ba daular Wagadu, wato tsohuwar daular Ghana, ruwa da zinariya, ana ba shi budurwa kowace shekara. Ranar da aka kashe shi fari ya zo, zinariya ta ƙaura.

Labarin Daura ya juya wannan. Macijin rijiyar Kusugu, mai suna Sarki, hana ruwa yake yi sai ranar Juma'a. Bayajidda ya kashe shi ya sare kansa, Sarauniya Daurama ta aure shi, aka samu Bawo, aka samu Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko labarin ya faru yadda ake faɗa, amma abin da yake koya wa yaro a fili yake: a Masar sarki maciji yake ɗorawa a goshi, a Daura sarauta ladan kashe shi ce.

Harshen ma haka ya nuna. Da dare ba a kiran sunansa, sai a ce igiyar ƙasa ko maja-ciki. Munafuki macijin ƙaiƙayi ne, sari-ka-noƙe. Aikin da aka bari rabi, an kashe maciji ba a sare kansa ba. A bori akwai Danko, iskan da ake dangantawa da maciji, su kuma gardawan da ke wasa da shi a kasuwa ana kallonsu ne daga nesa. Ba camfi kaɗai ba ne. Wanda ya fito daga Kaltungo a Gombe, inda asibitin saran maciji yake, ko daga yankin Langtang a Filato, ya san abin da kububuwa ke yi wa manoma lokacin girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa sara yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. Matar da ƙaninta ya rasa ƙafa a gona ba za ta ga so marar yankewa a jikin awarwaron ba.

Maƙeran fari na ƙasar Hausa, masu aikin azurfa da zinariya, ba su saba da surar dabbobi ba. Adonmu na gado layuka ne da kusurwoyi da saƙa: dagi, aska takwas a wuyan riga, talhatina ta Abzinawa. Shi ya sa idan aka kawo awarwaron maciji aka ce na kakanninmu Hausawa ne, akwai dalilin a tsaya a yi tambaya.

Inda malamai suka tsaya

Mas'ala biyu ce a nan, kuma raba su yana rage hayaniya.

Ta farko ita ce aƙida. Wanda ya sa abin don yana jin zai kare shi daga sara ko maita ko kambun baka ya shiga babin layar da hadisai suka yi hani da ita, kuma babu malamin da ya halasta neman tsari daga gunkin maciji. Masu saye a Abuja kusan dukansu za su ce ba haka suke nufi ba, ado ne kawai.

Ta biyu ita ce sura, kuma ita niyya ba ta warware ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani mai tsanani a kan ƙera surar abu mai rai, da hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare ko sura. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, ta yi bayani dalla-dalla: haram ɗin yana kan sura mai inuwa, wato mai jiki, ta dabba ko mutum, wadda gaɓoɓinta suka cika. Zane a shafe a jikin tufa ko takarda bai kai haram ba a wurinsu, an kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara mata. Shafi'iyya da Hambaliyya sun fi tsanantawa, suna haɗawa da zanen da ke a shafe sai in wanda ake takawa ne. Hanafiyya suna da sassauci a kan surar da ta yi ƙanƙanta har ba a gane gaɓoɓinta daga tsaye, kamar ta jikin zobe. A wani hadisi na Abu Dawud da Tirmizi, Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a sare kan wani mutum-mutumi ya koma kamar itace, daga nan malamai suka ce sura kai ce.

Idan aka ɗora wannan a kan nau'o'in da aka ambata, awarwaro mai kai da ido ya faɗa cikin abin da mafi yawan malamai suka hana. Mai nannaɗewa marar kai da siririyar sarƙar nan ba su shiga ba. Masu sassauci sukan kawo cewa Musulmin da ma sun yi zanen macizai a gine-gine, kamar Ƙofar Macizai ta kagarar Halab a Siriya da Ƙofar Ɗalsami ta Bagadaza da aka gina a 1221. Masu hani sukan amsa cewa aikin sarakuna ba hujjar shari'a ba ne. A Alƙur'ani kuwa maciji ya zo ne a mu'ujizar sandar Annabi Musa, a surorin Ɗaha da A'arafi da Shu'ara'i, kuma ba a ambace shi a ƙissar Annabi Adamu ba.

Kiristoci masu jin Hausa su ma ba bakinsu ɗaya ba. Littafin Farawa sura 3 ya sa maciji a matsayin mai ruɗi, Ru'ya ta Yohanna ta kira Shaiɗan tsohon maciji, don haka majami'u da yawa suna ƙin abin ɗungurungum. Wasu kuma sukan tuna da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji a Littafin Ƙidaya sura 21, da umarnin Matiyu 10:16 na a yi wayo kamar macizai. Sai a amsa musu da cewa Sarki Hezekiya farfasa wannan macijin tagullar ya yi da mutane suka fara ƙona masa turare.

Abin da sikeli ya sani da abin da bai sani ba

A nan ne talaka zai iya yin asara ta gaske. Kasuwar gwal ta Wuse, kamar ta Kano, kasuwar nauyi ce. In za a saya daga hannunki, giram da karat ake lissafawa, a cire nauyin duwatsu, kuɗin aikin da kika biya kuma ya tafi. Tarihi ba ya hawa sikeli. Kasuwar da ke biyan kuɗin tsufa da sunan maƙeri tana gidajen gwanjo ne irin su Christie's da Sotheby's a Landan da Janiba da New York (gwanjon can ba irin na tsofaffin riguna ba ne), kuma ba ta karɓar abu sai da shaida.

Tsofaffin kayan Turai ma sau da yawa ba su kai namu tsabta ba. Matanmu sun saba da ɗan 21 da ɗan 22, masu hatimin 875 da 916. Ɗan 18 hatiminsa 750, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ne. Ingila ta halasta karat 9 da 12 da 15 a 1854, kuma zobban maciji da yawa na zamanin Biktoriya daga cikinsu suke. Awarwaro mai giram 30 ɗan 18 yana ɗauke da giram 22.5 na tsantsar zinariya, in ɗan 9 ne kuma giram 11.25 kacal. Wasu ma cikinsu fanko ne, ko da waya ta baƙin ƙarfe a ciki don su riƙa kama hannu, ita kuwa wayar tana shiga awo ranar saye ta fita ranar sayarwa. Harufa irin GP da GF suna nufin ruwan gwal ne ko rufi, ba gwal ba.

Hatimi yana taimakawa wajen gane shekara. Ingila tana buga wa kayan azurfa hatimi tun dokar 1300, daga baya aka haɗa da na zinariya. Kan damisa na Landan ne, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham ce, da harafi ɗaya mai nuna shekarar da aka gwada abin. Karat 15, mai lamba 625, an soke shi a 1932, don haka abin da ke ɗauke da shi na gaskiya ya girmi wannan shekara. Sai dai hatimi ma ana yin jabunsa. Dutsen gwaji da ruwan asid na ɗan gwal zinariya suke tabbatarwa, ba sa faɗin shekaru. Abin da mai idon sana'a ke dubawa shi ne inda jiki ya goge: cikin zobe ya sulɓe, bakin hatimi ya dushe, mahaɗi ya ɗan saki. Abin da aka ce ya shekara 120 amma ko'ina kaifi ne, ba ƙwarzane ko ɗaya, magana ce.

Asarar tana iya zuwa ta baya ma. Iyalan da iyayensu suka yi aikin jakadanci ko karatu a Turai a shekarun 1960 da 1970 sukan gaji irin waɗannan kaya. Ranar rabon gado a kai Wuse, a auna, a narka, alhali in na Bulgari ne ko Cartier na gaske, mai suna da lamba a ciki, kuɗinsa ya ninka na nauyinsa. Wanda ya ga sunan kamfani da lamba a jikin abin gado, gara ya sa a duba masa kafin ya kai wuta. In kuma magada suna kan ra'ayin haramci, wannan wata tambayar ce da za su kai gaban malaminsu, domin sayar da abin da aka hana sawa shi ma yana da hukuncinsa.

Akwai zakka. A Malikiyya adon halal da mace ke sawa ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka ajiye don ya zama jari ko maganin wata rana ana fitarwa idan ya kai nisabi, wajen giram 85, ya kuma shekara. Rangwamen na ado halastacce ne, saboda haka wadda ta yarda cewa awarwaro mai kan maciji haram ne ba ta da wannan rangwame a kansa. Hadisin da Bukhari ya ruwaito a kan mai hana zakka, abin mamaki, da wannan siffa ya zo: dukiyar za ta zama maciji mai sanƙo a rataya masa a wuya ranar Alƙiyama. Musanya kuma tana da ƙa'ida, zinariya da zinariya sai nauyi ɗaya hannu da hannu. Shi ya sa 'yan gwal masu kiyayewa sukan sayi tsohuwar sarƙa da naira tukuna, sannan a yi cinikin sabuwa dabam. Ba da giram 40 na ɗan 18 a karɓi giram 28 na ɗan 18 don an ce bintej ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida.

Idan aka ce na gida ne

A shagunan kayan gargajiya na Abuja akan ga mundaye da zobban tagulla masu siffar maciji, a ce na Benin ne ko na wata tsohuwar masarauta. Zubin tagulla sana'a ce mai rai, a Titin Igun na birnin Benin ana yin ta kullum, kuma tsufantar da sabon ƙarfe da ƙasa da hayaƙi ba wuya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fita da su waje sai da takardar izini. Ke nan mai shagon da ya rantse cewa munduwarsa ta shekara 200, in gaskiya ya faɗa ba shi da hurumin sayar da ita haka kawai, mai saye kuma zai iya rasa ta a filin jirgi. In kuma ta makon jiya ce, kuɗin sabuwar tagulla ya kamata a biya.